Zuwa ga Autarmu a Daura, kan makarantar 'ya'yan ma'aikatan gona a Amurka

Auta, salamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Saƙon muryarki ya same ni da asubar fari ina shirin fita aiki, na saurare shi sau biyu a mota. Na ga ba maganar da za a amsa a tsaitsaye ba ce, shi ya sa na bari sai yau Lahadi na zauna na rubuta. In maigidanki ya dawo daga kasuwa ki ba shi ya karanta da kansa.

Ga abin da na ji kin ce. Wani mutum a Katsina zai samo wa maigidanki aikin gona a Amurka, ku taho duka har yaran biyu. Wai akwai makarantar gwamnati da ke karɓar 'ya'yan ma'aikatan gona kyauta tun suna goye, ke kuma da takardarki ta NCE za a ɗauke ki koyarwa a ciki. Kuɗin aikinsa naira miliyan 4, har an fara zancen sayar da gonar hanyar Mai'aduwa. Sai kika ce, "Yaya, ba a irin wurin kike aiki ba?"

A irinsa nake, shekara tara ke nan. Makarantar gaskiya ce, babu ƙarya a ciki. Da ita mutumin ya lulluɓe sauran zancensa, kamar mai sayar da tumatir da ke jera manya a saman kwando.

Sunan shirin Head Start. Gwamnatin shugaba Lyndon Johnson ce ta kafa shi a 1965 don 'ya'yan talakawa da ba su isa shiga firamare ba. A 1969 aka buɗe reshe na musamman don iyalan da ke bin girbi daga jiha zuwa jiha, wato 'yan cin ranin nan ƙasar. Kuɗin daga gwamnatin tarayya yake fitowa, ta hannun ma'aikatar lafiya da walwalar jama'a, amma ƙungiyoyi ne ke tafiyar da cibiyoyin. Muna karɓar yaro daga sati shida da haihuwa har shekara biyar, iyaye ba sa biyan ko sisi.

Mu nan gabashin jihar Karolina ta Arewa muke, jihar da ta fi kowace noman dankali a Amurka, irin dankalinmu na Hausa, sai dai cikinsa ja ne kamar karas. Iyayen yaranmu yawanci mutanen Meziko ne da Gwatamala, sai 'yan Haiti kaɗan. Da sanyi suna Fulorida suna tsinkar tumatir da lemo. Zafi na shigowa su hauro nan, su yi kokwamba, su yi taba, daga Satumba su faɗa haƙar dankali har Nuwamba. Wasu ma sukan zarce Mishigan don tuffa. Da bokiti ake biyan dankalin, kowane bokiti ka juye a mota a miƙo maka shaida, kuma abin da iyayen ke faɗa min bokiti bai kai dala ɗaya ba. Mutum a duƙe yake tun hantsi bai yi ba har rana ta faɗi.

Ƙarfe biyar da rabi motarmu ke fita, duhu bai gama yayewa ba. Za mu tsaya gaban wani gidan kwano mai taya a bakin gona, uwa ta fito sanye da riga mai dogon hannu da hular rana, ta ɗaure fuska da ƙyalle, ta miƙo min jaririya 'yar wata huɗu a naɗe cikin bargo, tana barci. In ɗaure ta a kujerar jarirai, uwar ta sa hannu a takarda, ta juya da sauri don motar gona ba ta jiran kowa. Wannan yarinyar ba za ta sake ganin uwarta ba sai wajen shida na yamma. Kuma ko da yamman, mun koya wa iyayen kada su rungumi yaro sai sun cire kayan gona sun wanke hannu, saboda maganin feshi da dafin ganyen taba da ke maƙale a tufafi. Ranar da na fara ganin uwa ta noƙe hannunta baya, ɗanta yana miƙo nasa yana kuka, sai da na shiga banɗaki na share hawaye. Dalilin kafa makarantar ke nan, Auta. Kafin a yi ta, a cikin mota ake barin yara a bakin gona, ko a ajiye su a ƙarshen kunya, ko a hana babbar yarinya zuwa makaranta ta zauna raino.

A ɗakin jarirai doka ba ta yarda malama ɗaya ta riƙe fiye da yara huɗu ba, ɗaki mai malamai biyu kuma ba ya wuce takwas. Madara da ƙunzugu daga gare mu suke. Manyan suna cin na safe da na rana da abin taɓawa, sannan kullum sai an goge haƙora, kowane yaro da buroshinsa mai suna. Cikin kwana 45 da shigar yaro dole a auna ganinsa da jinsa da yadda yake girma. Akwai wani yaro ɗan shekara uku da ubansa ke ce wa mai taurin kai, ana kira ba ya waiwayowa. Da aka auna, ashe ruwa ne ya taru masa a kunne. Aka yi masa ƙaramin aiki a asibiti, bayan wata biyu ya fi kowa surutu a aji. Uban ya kawo mana buhun dankali, yana ta sunkuyar da kai. Nan na tuna yaron maƙwabtanmu na Daura da aka yi ta duka wai ba ya jin magana. Allah kaɗai ya san abin da ke kunnensa.

Rabin aikin ma ba a aji yake ba. Kowane iyali akwai ma'aikaciyar da ke bin lamarinsu: ta kai mai ciki awo, ta cike musu takardar WIC, shirin da ke ba masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar madara da ƙwai da hatsi, ta nemo tafinta in uwar ba ta jin ko Sifaniyanci sai yarensu na Mistek. In za su koma Fulorida mu haɗa katin rigakafi da duk bayanan yaro mu tura wa cibiyar can, kada a sake farawa daga tushe. Abin da ya fi ba ni mamaki farkon zuwana shi ne majalisar iyaye. Doka ta ce su ne za su fi yawa a cikinta, kuma suna da bakin magana a kan kasafin kuɗi. Matar da ta yini tana jidar bokiti, da dare ta zauna ta tambayi shugabar cibiya ina kuɗin gyaran mota ya shiga. Na so hedimastanmu na firamare ya ga wannan zama.

To yanzu ga inda zancen mutuminku ya karye. Bizar aikin gona sunanta H-2A. Manomi ne a nan yake nema wa ma'aikaci, na 'yan watanni, bai kai shekara ba, in girbi ya ƙare kowa ya koma ƙasarsa. Cikin kowane goma, wajen tara 'yan Meziko ne. Manomin ne doka ta ɗora wa masauki da kuɗin hanya, kuma haramun ne a karɓi kuɗin neman aikin daga hannun ma'aikaci. Duk wanda ya ce a ba shi miliyan 4 don wannan biza ya riga ya gaya muku ko shi wane ne. Masaukin kuwa dogon ɗaki ne na maza zalla, gado bisa gado. A takarda mata da yara suna iya neman tasu bizar ta rakiya, amma matar ba ta da izinin aiki, ko na awa ɗaya, sannan kuɗin jirgi da haya a kanku suke. A shekara taran nan ban taɓa rubuta sunan yaron da ubansa ya zo da shi a kan wannan biza ba. Yaranmu kusan duk a nan aka haife su, iyayensu sun daɗe a ƙasar.

Na san za ki ce ai mu mun zo. Mu cacar biza ce ta faɗo wa Abbansu, kuma tun 2013 aka cire Najeriya daga cikinta, saboda 'yan ƙasarmu da suka shigo sun yi yawa. Hanyar karatu da kika taɓo ita ma ta ƙara ƙunci. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya, a ƙarshen shekarar kuma aka sa mu cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara da ta karatu. Ko kafin haka sai ɗalibi ya nuna kuɗin makaranta da na ci na shekara guda a banki, mijin ɗaliba kuma ba ya aiki. Ki kwatanta maigidanki zaune a ɗaki yana raino, ke kina aji. Kin san ba zai yi sati ba.

Batun NCE kuwa, ni ma da ita na zo, ina taƙama. Aka karɓa aka duba, aka ce sai na yi tasu takardar, CDA: awa 120 na darasi, awa 480 na aiki da yara, sannan a zo a tsaya a kaina ana kallon yadda nake canza ƙunzugu. Na koyi Sifaniyanci a bakin yara 'yan shekara huɗu suna min dariya. Wata rana na goya wani jariri da zani don ya ƙi yin shiru, nan take ya yi barci, ni kuma aka kira ni ofis, wai a gadonsa zai kwanta, a rigingine. Uwarsa da ta ji labari dariya ta yi, ta ce su ma a ƙauyensu da mayafi suke goyo. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuma cibiyarmu da girbi take tafiya. Ana gama dankali a Nuwamba a rufe, in koma jera kaya a wani kanti har bazara. Kuɗin da kike gani ina turo wa Inna da azumi, daga jera gwangwani yake fitowa. Ban taɓa faɗa muku ba don kada ta damu, kada kuma ki faɗa mata.

Akwai abin da na daɗe ina juyawa a raina, tunda kin taɓo zancen bari in fitar. Matan da ke zuwa aikin rani bakin dam ɗin Sabke da Daberam, tsinkar tumatir da cirar albasa, ina suke ajiye yaransu? Gindin bishiya, a hannun 'yar shekara shida. Ke kin karanci abin nan, ga zauren Baba a rufe tun rasuwarsa. Yara goma, tabarmi, kunun safe, mace ɗaya mai taimaka miki, littafin rubuta wanda aka yi wa rigakafi da wanda ba a yi wa ba, ma'aikaciyar asibitin unguwa ta leƙo sau ɗaya a wata. Ba zan yi miki ƙarya in ce zai kawo kuɗi da wuri ba, waɗannan matan abin da za su iya bayarwa kaɗan ne, wata ma da albasa za ta biya ki. Amma in kin yarda, kuɗin gyaran rufin da na kunun wata shida a kaina, kuma zan turo miki yadda muke gwada jin yaro da ganinsa da abin da ke cikin gida.

Kafin nan, ki ce maigidanki ya tambayi mutumin abu uku: sunan gonar, jihar da take, da lambar takardar amincewa daga hukumar shige da ficen Amurka. Ki ɗauki hoton duk abin da ya bayar ki turo min, akwai lauyar da ke zuwa cibiyarmu taimakon iyaye kyauta, zan nuna mata. Kada a ba shi ko kafin alƙalami, kada kuma fasfo ya bar hannunku. Takardar gonar ki kai ɗakin Inna ta sa a ƙasan adaka.

Ki kira ni ranar Asabar bayan isha'inku, lokacin na taso daga aiki. Ki gaishe da yaran.

Yayarki