Filin Wasiƙunku: "Anti, duk ajin suka juyo suna kallona"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya haƙuri da mu. Ni ɗiyarki ce Bahaushiya daga Kassala ta ƙasar Sudan, shekarata 19, a nan aka haife ni aka haifi babana. Wani abu ne yake cin raina na rasa wa zan faɗa wa. Ina son adabin Larabci sosai, to muna sakandare ustaz ya karanta mana waƙar da Mutanabbi ya zagi Kafur, da ya zo baitin da yake cewa kar a sayi bawa sai an haɗa da sanda sai aji ya kwashe da dariya, wasu suka juyo suna kallona ni da ƙawata, shi kuma ustaz ko tari bai yi ba ya ci gaba da i'irabi abinsa. Har yau in na buɗe diwanin sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Kwanan nan kuma aka dawo da wani tsohon bidiyo a guruf ɗinmu na WhatsApp, wata 'yar wasan Masar ta shafa baƙi a fuska wai ita 'yar Sudan ce tana ta ihu da shirme a cikin mota, ƙawayena Larabawa suka yi fushi nima na yi, amma su ɗin dai in sun so nishaɗi sai su kwaikwayi Larabcin matanmu masu sayar da gyaɗa. Na ce bari in koma littattafanmu na Hausa a waya, can ma jarumar kullum fara ce sol gashi har gadon baya, baƙar kuwa ita ce 'yar aiki ko muguwar kishiya. Yayana ya ce na cika ɗaukar zafi, wasa ne kawai. Anti ni ce da matsala? In daina karatun ne gaba ɗaya?

'Yarki daga Kassala

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba ke ce da matsala ba, wannan na fara faɗa miki tun kafin komai. Ki gaishe min da yayanki ki ce masa wasa shi ne wanda kowa ya yi dariya, in ɗaya yana dariya ɗaya yana haɗiye kuka to sunansa cin fuska. Wallahi da na karanta wasiƙarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don nima an taɓa juyowa an kalle ni a aji a Wad Madani, kuma abin da na tuna har yau ba dariyar ba ce, yadda na tura hannuwana ƙarƙashin tebur na ɓoye su ne kamar na saci wani abu.

Bari mu fara da Mutanabbi tunda shi ya fi tsaya miki a rai. Abin da ustaz ɗinku bai faɗa muku ba, kuma shi ne ya kamata ya fara faɗa, shi ne yadda aka yi waƙar ta zo. Mutanabbi ya je Masar a 957 wajen Kafur, baƙin mutum da aka sayo bawa amma ya kai ga riƙe mulkin Masar baki ɗaya, ya zauna shekaru yana wasa shi yana kai shi sama, har baƙin nasa ma ya yaba ya kamanta shi da baƙin ƙwayar ido wanda da shi ake gani, duk don yana kwaɗayin a ba shi sarautar wani yanki. Da ya ga ba za a ba shi ba sai ya sulale ya gudu a 962 a jajibirin babbar sallah, ya bar wannan zagin a baya. Kin ga ke nan bakin da ya yabi fatar shi ne ya zage ta, fatar ba ta canza ba, buƙata ce ba ta biya ba. Mutumin gwani ne na gaske a harshe, ban isa in rage masa wannan ba kuma ba zan ce ki rage ba, amma a wannan baitin ya yi ƙasƙanci, kuma kina da cikakken 'yancin ki riƙe duka biyun a ranki. Kar ki yar da diwanin. Ki buɗe shi ki rubuta a gefen shafin da biro, ga shekarar da ya yaba ga shekarar da ya zaga. Sannan ki nemi Antara wanda uwarsa Zabiba baiwa ce 'yar Habasha, ki nemi risalar da Jahiz ya rubuta kan alfaharin baƙar fata, duk a cikin adabin Larabcin nan suke, ba daga waje aka kawo su ba.

Bidiyon nan na san shi, a azumin 2019 aka nuna shi, a 2018 ma an yi irinsa a wani shirin Kuwait, kuma tun a tsofaffin finafinan Masar baƙi shi ne mai gadin ƙofa ko mai kawo shayi. Fushin ƙawayenki daidai ne. Sai dai ranar da suka sake kwaikwayon mai gyaɗa, ba sai kin ɗaga murya ba, ki ce musu a hankali, abin da kuka ji ranar bidiyon nan shi nake ji yanzu. Wadda take ƙawarki ta gaskiya za ta yi shiru ta yi tunani. Kuma ki lura, mace baƙa sau biyu ake dukanta, a yi mata dariya don fatarta a sake yi mata don mace ce, shi ya sa kullum ake nuna ta mai ƙaton baki mai ihu wadda ba a so. Ni ba na ɗaukar wannan da wasa ko kaɗan, magana zarar bunu ce. Mun ga rikicin 2022 a jihar Blue Nile, Damazin da Rusairis a watan Yuli, sannan Wad al-Mahi a Oktoba inda aka rasa sama da mutum 200, kafin jini ya zuba ai maganganu aka daɗe ana yi a Facebook da majalisu cewa Hausawa baƙi ne ba su da ƙasa. Mutanen da kakanninsu suka baro Burmi a 1903 bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa Maiwurno kusa da Sinnar, suka noma audugar Jazira da hannunsu. Kowa yana son agashenmu, wato tsirenmu, amma a ce mu baƙi ne.

To amma ɗiyata laifi tudu ne, kuma na ji daɗi da kika hango namu da kanki. Littattafan nan na waya nima ina karantawa, wasu marubutan matan suna da basira ƙwarai kuma sun taɓo auren dole da zaluncin gidan miji da babu wanda ya taɓo. Amma sai ki ga shafi guda cur ana bayanin hasken jaruma, kamar Balarabiya, kamar ka taɓa jini ya fito, daga baya ma a gano ashe uwarta ba Bahaushiya ba ce, wato kyan nata sai an nemo masa asali a wani waje. Ga jarumin da zai kwaɗa mata mari a babi na uku a ce miskili ne, zuwa ƙarshe ita ce take ba shi haƙuri. Mu muke cewa fara ko mayya ce. Sakamakon kuwa na gan shi da idona a kanti, yarinya ba ta wuce 15 ba ta miƙa 'yan canjinta aka ɗebo mata man bilicin da ƙaramin cokali aka ƙulla a leda, wanda ake ce wa gadar zurufak, wato daidai ƙarfin aljihunka, gaɓoɓin yatsunta sun riga sun yi baƙi ƙirin fuskar ta yi ja. Ba Masar ba ce kaɗai ta kai ta kantin nan, har da mu. Manzon Allah (SAW) da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da uwarsa ce masa ya yi akwai sauran jahiliyya a tare da kai, bai ce wasa ba ne.

Don haka a'a, kar ki daina karatu, in kika daina kin bar musu filin. Littafin da kika ji yana sa ki tsani madubi ki rufe shi, ki rubuta wa marubuciyar cikin ladabi ki faɗa mata dalili, da yawansu suna karanta sharhin masu karatu. Kuma ke 'yar Kassala ce fa, garin da aka haifi A'isha Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato. Mahaifinta malami ne bai so waƙarta ba, jama'a ma a lokacin suna ganin mace mai waƙa ba mutuniyar kirki ba ce, amma a 1942 ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman, kuma da sunan Fallatiyar da ake goranta mana, mu 'yan asalin Afirka ta Yamma, ta shahara har ta rasu a 1974. Habbobata, wato kakata, in aka sa muryarta sai ta ajiye tankaɗe ta ƙara sautin rediyo ta ce ku yi shiru tamu ce.

In habbobarki tana raye, gobe da la'asar ki haɗa mata jabana, wato gahawa, ki zauna kusa da ita ki kunna rikodin a wayarki, ki tambaye ta yadda aka yi mutanenku suka iso Kassala, ta wace hanya, wa ya rasu a hanya, me matan suke sayarwa suka ciyar da gida. Ki rubuta shi da Hausa ko da Larabci duk wanda ya fi zo miki, ki aiko min, zan ba shi wuri a wannan filin insha Allah.