Hukuncin zaman Musulma a gidan 'yan mishan bayan ta kuɓuta daga masu safarar mata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata aka yaudara da sunan za a sama mata aikatau a Libiya. Da suka wuce Agadas suka isa Sabha, matar da ta ɗauke ta ta ce tana bin ta kuɗin hanya, ta sa ta dafa Alƙur'ani cewa ba za ta gudu ba sai ta biya, sannan aka jefa ta karuwanci. Daga baya aka tsallaka da ita Italiya. Yanzu ta tsere, tana gidan wasu sistocin coci masu karɓar irin waɗannan mata. Su suke ciyar da ita, su kai ta asibiti, suna nema mata takardu. Baffanmu ya ce tunda ta ci abincinsu ta kwana a gidansu ta bar Musulunci, kada a ƙara ɗaga wayarta. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya yaye muku wannan musiba. Ƙanwarki Musulma ce, kuma zamanta a wannan gida halal ne. Idan ma barinsa zai mayar da ita hannun magajiya, zaman ya wajaba a kanta.

Abin da aka tilasta ta a kansa ba ta da laifinsa. Shugaban munafukai Abdullahi bn Ubayyu ya kasance yana tilasta kuyanginsa neman kuɗi da jikinsu, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, sai aya ta 33 a Suratun Nur ta sauka tana hana wannan, ta kuma ce wadda aka tilasta, Allah Mai gafara ne Mai jinƙai gare ta. Wadda ta sayar da ita kuwa, Bukhari ya ruwaito cewa mai sayar da ɗa, wato wanda ba bawa ba, ya ci kuɗinsa yana cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama.

Rantsuwar nan da aka sa ta ba ta ɗaure ta ba. Na daɗe a kan wannan gaɓa da gangan, domin da ita ake riƙe yaran nan fiye da ƙofa da kwaɗo. 'Yan matan Edo, waɗanda su ne mafi yawa a wannan hanya, wurin boka ake kai su a rantsar da su, har sai da Oba Ewuare na biyu, sarkin Benin ta jihar Edo, ya fito a 2018 ya warware waɗannan rantse-rantse. Tamu kuma sai a miƙa mata Alƙur'ani. A mazhabarmu ta Malikiyya rantsuwar wanda aka tilasta ba ta ƙulluwa. Imam Malik bulala ya sha a Madina saboda ya ƙi janye fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba saki ba ne. Bashin da ba a biyansa sai da zina kuma ba bashi ba ne, ko sisi ba a bin ta.

Neman mafaka wurin wanda ba Musulmi ba, Manzon Allah (SAW) ne ya buɗe ƙofarsa. Shi ya tura sahabbansa Habasha, maza da mata, ciki har da 'yarsa Ruƙayya, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Da ya dawo daga Ɗa'ifa, a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im bn Adiyyu ya shiga Makka, alhali mutumin mushiriki ne, kuma bai manta masa wannan alheri ba. Abincin Ma'abota Littafi halal ne da nassin Suratul Ma'ida, ban da alade da giya. Sannan dokar shige da fice ta Italiya ta 1998 tana ba wadda ta kuɓuta daga fatauci izinin zama idan ta shiga shirin kariya, kuma da yawa daga gidajen da ke cikin shirin na ƙungiyoyin coci ne. Kin ga ba zaɓar coci ta yi ba, ƙofar da ta samu a buɗe ta shiga.

Iyakar ita ce aƙida. Ta riƙe sallarta, kada ta shiga ibadarsu, kada ta rataya gicciye, kada ta yarda a yi mata baftisma. Ta gode musu, ta kyautata musu, ta taya su aikin gida. Ba zan ɓoye miki ba, gidajen nan ba ɗaya suke ba: akwai masu taimako ba sharaɗi, akwai waɗanda bishara ce manufarsu, kuma zuciyar da aka wulaƙanta tana saurin karkata ga wanda ya share mata hawaye. Idan suka sharɗanta mata canza addini, ta nemi a mayar da ita wani gidan, akwai waɗanda ba na addini ba. Kafin ta samu ta yi haƙuri a nan da imaninta. Rangwamen da aka yi wa Ammar bn Yasir na furta kafirci azaba ce ta jawo shi, neman takardar zama bai kai wannan matsayi ba.

Baffanku kuwa, a same shi cikin ladabi a tuna masa hadisin Bukhari da Muslim: wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta faɗa kan ɗayansu. Ni abin da nake ji wa yarinyar nan tsoro shi ne ta ga baƙi sun rungume ta, danginta sun toshe kunne. Hakan ya fi kowane wa'azin mishan saurin raba ta da addininta, kuma ku za a tambaya. Ki kira ta yau. Ku taimaka mata ta gano masallaci mafi kusa da mata Musulmi da za ta riƙa zama da su. In tana son dawowa, hukumar IOM mai kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana taimaka wa masu komawa gida, ku karɓe ta ba gori. Matar da ta ɗauke ta kuma, in kun san inda take, ku kai ƙararta hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane a Najeriya tun kafin ta ɗauki 'yar wani.

Wallahu a'alam.