"Ya kasa" ko "ya ƙi"? Amsar tambayoyinku kan iyawa da ganin dama

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ya ce Malam, a wa'azi ya ji an ce ɗan Adam ba zai iya juyowa ga Allah da kansa ba, a wa'azin nan dai kuma aka ce za a yi masa shari'a don bai juyo ba. Shi ne yake so ya san ko "kasa" da "ƙi" abu ɗaya ne, don a ganinsa ba a tuhumar wanda ya kasa.

To ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne. In aka ce mutum ya kasa ko ya gaza, akwai alamar ya so, ya gwada, ƙarfi ne bai kai ba. In aka ce ya ƙi kuwa, ƙarfin na nan, zuciya ce ta ce a'a. Amma inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "iya", don baki biyu gare ta kuma kullum muna amfani da dukansu ba ma lura. Gurgu ya ce ba zan iya gudu ba, babu mai ganin laifinsa. Wani kuma ya ce wallahi ba zan iya gaida wane ba, alhali bakinsa lafiya lau, harshensa lafiya lau, ga wanen tsaye a gabansa, babu wanda ya riƙe shi, kuma ba ƙarya yake ba, da gaske ba zai iyan ba saboda ƙiyayya ta cika masa ciki. Wannan na biyun ai ba ma tausaya masa, cewa muke yi ya cika riƙo. Iya girman rashin iyawarsa, iya girman laifinsa.

Irin wannan ne a Farawa 37:4, inda aka ce 'yan'uwan Yusufu sun ƙi jininsa har ba su iya yi masa maganar alheri. Haka a Yohanna 6:44 Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi, a Yohanna 5:40 kuma ya ce wa mutanen sun ƙi zuwa wurinsa su sami rai. Ga "ba mai iya", ga "kun ƙi", daga baki ɗaya. Jonathan Edwards, wani fasto a ƙasar da yanzu ake kira Amurka, ya rubuta littafi guda a 1754 kan wannan bambanci, ya raba rashin iyawa na halitta da rashin iyawa na zuciya. A wurinsa mutum yana yin abin da ya ga dama ne kullum, matsalar ita ce me yake ganin damar yi. Ni dai ina ganin Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, harshensa ya riga ya raba masa gardama.

Wata 'yar'uwa kuma ta tambaya ko "Allah ya ce tashi in taimake ka" aya ce. Ba aya ba ce 'yar'uwa, magana ce ta mutane, kuma tana da kyau wajen korar lalaci. Sai dai in aka kawo ta kan batun ceto, to an taɓo tsohuwar muhawara. Pelajiyas, wani malamin Kirista na ƙarni na biyar, ya koyar cewa tunda Allah ya ba da umarni, lalle mutum na da ikon cikawa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya ce ina, zunubi ya riga ya karkatar da son zuciyar mutum, sai alheri ya fara aiki tukuna. Taron shugabannin coci na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, a 418 ya yi watsi da koyarwar Pelajiyas, taron Oranj a Faransa a 529 ya ƙara da cewa ko farkon bangaskiyar ma baiwa ce. Wato tashin ma da taimako ake yin sa. Afisawa sura 2 cewa ta yi mutum matacce ne cikin zunubi, ba ta ce barci yake yi ba.

Kada fa a ɗauka duk Kirista sun zama baki ɗaya a kan sauran maganar. Mabiyan Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, kamar yadda taron Dort a Holan na 1618 zuwa 1619 ya tsayar, sun ce wanda alherin ya kira a zuciya tabbas zai zo. Mabiyan Arminiyas, wani malamin tauhidi na Holan, da John Wesley mai wa'azi na Ingila daga baya, sun yarda Allah ne ke fara motsi, amma sun ce mutum na iya ƙi. Har yau ana kan wannan.

Akwai wanda ya ce ai "hali zanen dutse" ya gama magana, mai hali ba ya barin halinsa. Karin maganar ta faɗi rabi. Ta nuna mutum ba ya kankare halinsa da farcensa, wannan ya yi daidai da koyarwar cewa mutum ba ya juyowa da kansa. Amma Ezekiyel 36:26 alkawari ne na cire zuciyar dutse a sa ta nama, ka ga ba zanen za a goge ba, dutsen ne gaba ɗaya za a sauya. Shi ya sa ba na so a riƙa jefa wannan karin magana ga wanda ke fama da wani mugun hali yana neman fita, tana karya gwiwa.

Sai tambayar ƙarshe, kan ma'anar kalmar "'yanci". Asalinta daga ɗa da 'ya ne, wato wanda ba bawa ba. Erasmus, wani masani ɗan Holan, ya kare 'yancin zaɓi a 1524, Martin Luta, jagoran Furotesta a Jamus, ya mayar masa da martani a 1525 ya ce nufin mutum a ɗaure yake kamar bawa. Yohanna 8:34 ma ta ce mai yin zunubi bawan zunubi ne. Don haka in kana fassara ko wa'azi, ka yi amfani da "ganin dama" wajen zaɓin yau da kullum, ka ajiye "'yanci" wajen maganar fita daga bauta, don in ka cakuɗa su mai sauraro zai ji kamar kana warware maganarka da kanka.