Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ta biya kuɗin kwastan

'Yar'uwa, kin ce a Facebook kuka haɗu, ya ce injiniya ne a Ingila kuma aure ya kawo shi, yanzu ya aiko miki da akwati amma an kira ki daga filin jirgi ana neman kuɗin kwastan. Don Allah kar ki tura ko sisi. Babu wani akwati. Mai kiran da saurayin bakinsu ɗaya, wani lokacin ma mutum ɗaya ne da layi biyu.

Hoton da yake nuna miki na sata ne. Ki saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa za ki gan shi da sunan wani daban. Irin waɗannan 'yan damfara sukan janye mace zuwa WhatsApp da wuri saboda Facebook na rufe shafukan bogi. Daga nan sai saƙon safe da na dare, har da tunatar da ke sallar asuba, don sun san abin da ke kwantar mana da hankali. Amma ki nemi kiran bidiyo, kullum da uzuri: kyamara ta lalace, ko wurin aiki sun hana.

Kuɗin farko ba ya da yawa, gwaji ne. Da kin biya sai a ce na'ura ta gano daloli a cikin akwatin, sai tara, sai wata takardar shaida, sai barazanar kamu. Kina tausayin abin da kika riga kika zuba, sai ki ƙara. Ki duba lambar asusun da suka ba ki, za ki ga sunan wani mutum ne can, alhali harajin kwastan ba a biyan sa a asusun mutum.

Ki ce masa ya turo magabatansa su ga naki. Mai neman aure da gaske ba ya gudun wannan.

In har kin riga kin tura, ki je bankinki yau ɗin nan da rasit, ki nemi su bi kuɗin kafin a kwashe, sannan ki kai ƙara EFCC, hukumar yaƙi da zambar kuɗi. Ki adana hirarku kafin ki toshe shi. In ya taɓa karɓar hotonki na sirri yana barazanar yaɗawa, kar ki biya, biya ba ya sa su daina. Ki sanar da wani babba da kika yarda da shi. Kuma duk wanda ya biyo baya yana cewa zai ƙwato miki kuɗin in kin ba shi wani abu, su ne dai suka sake dawowa.