Amsa ga ɗan'uwan da kanji ya hana shi barci

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun daren jiya na karanta tambayarka a cikin jirgin ƙasa, na so in amsa nan take, sai na ga idan na fara zan wuce tashata. Ka ce mako na tara ke nan kana ajin Japananci na wata shida da ake sa masu tallafin MEXT, wato tallafin karatu na gwamnatin Japan, kullum da safe jarrabawar kanji, haruffan nan na Sin da Japanawa ke rubutu da su, kullum kai ne na ƙarshe, 'yan Sin na ajin sun gama sun kife takarda kai ko rabi ba ka kai ba. Kuma tunda digirin naka da Turanci za ka yi, kana tambaya ko ka lallaɓa ka samu makin tsira kawai ka rabu da harshen. Wallahi kamar ni na rubuta. Uku bisa ashirin ɗin nan da ka ambata, ni ma na ci shi, ba sau ɗaya ba.

Kada ka bari. Zan faɗi dalili, amma bari in fara amayar da abin da ke cina, don rubutunka ya sosa min inda ban zaci har yanzu yana min ƙaiƙayi ba.

Mu goma sha ɗaya ne a ajinmu, biyar daga Sin da Taiwan, biyu daga Koriya, ni kaɗai ne baƙar fata. Hiragana a mako guda, katakana a mako na biyu, su ne abacadan Japananci guda biyu, sannan aka ɗora mana littafin Minna no Nihongo ana gudu kamar ana korarmu. Har darasi na 13 ina ɗingisawa ina biye. Da aka shiga na 14, inda aikatau ke rikiɗa zuwa sigar te, kaku ya koma kaite, yomu ya koma yonde, matsu ya koma matte, nan ƙafata ta zame. Malamai uku ke koyar da mu. Biyu ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Ta ukun, mai zuwa Talata da Alhamis, Allah ne kaɗai ya san abin da na yi mata. Idan za ta mayar da takardun jarrabawa, daga mai maki mafi yawa take farawa ta gangaro, to kowa ya san wanda za a kira a ƙarshe. Sai ka ji ajin ya yi tsit, ni kuma in tashi in je in karɓo takardata ja wur da biro kamar an yanka kaza a kanta. Ta taɓa tsayar da ni a gaban allo kan 右 da 左, wai na dama da karkataccen layi ake fara shi, na hagu da na kwance. Gaskiyarta ce, haka ƙa'idar take. Amma minti goma ina tsaye?

Ranar da ba zan manta ba a watan Yuni ce. Shekarar azumi ya faɗo cikin damunar Japan, asuba kafin ƙarfe uku na dare, buɗa-baki sai wajen bakwai. Na yi sahur, na kwanta, barci ya ƙi, na tuƙa keke cikin ruwa na isa aji wandona sharkaf. Ta ce in karanta jimla. A ciki akwai シーツ, wato shiitsu, zanin gado. Ka san シ da ツ yadda suke kamar Hassan da Husaini. Na juya su. Ta ce, “Mou ichido,” wato in sake. Na sake, na sake juyawa. “Mou ichido.” Sau biyar, ƙanena. A na huɗun ma ni ba na ganin harafin, gumi ne kawai ke karyo min, bakina ya bushe ƙamas. Wata yarinya a gaba ta toshe baki tana dariya. Sai malamar ta ajiye littafi, ta ce da Turanci, don ta tabbata na ji, wai yaron firamare aji ɗaya ya san wannan, in yi tunani da kyau ko na san kuɗin harajin wa nake ci. Ni da na baro ɗalibai sama da ɗari biyu ina koyar da su a gida, ni da ake gaishe ni a durƙushe! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka tashi na shiga banɗaki na kulle, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Bai ishe ta ba. Ta rubuta wa farfesan da ke duba aikina cewa ba ni da yaruki, wato ba ni da himma, wai ina gyangyaɗi a aji. E, na yi gyangyaɗi. Ta taɓa tambayata me ya sa? Ko sau ɗaya. Da ta kira ni gefe ta ce me ke damunka, da na faɗa mata. Dattijon ya kira ni ofis, ya sa aka kawo min shayi, na ce ina azumi, ya tambayi awa nawa, na ce kusan sha shida, ko ruwa babu. Ya yi shiru ya dube ni, ya ce in je in huta. Bai ƙara tayar da maganar ba. Ita kuwa har aka gama zangon ba ta sauya ba. Bayan kusan shekara uku na ci karo da ita a kanti, na gaishe ta da keigo, Japanancin girmamawa, tsaf, ta ce min “Nihongo jouzu desu ne,” wato na iya Japananci. Duk wanda ke cikin wannan zaure ya san nauyin wannan yabon, ko konnichiwa, wato sannu, kaɗai ka iya za a yi maka shi. Na yi murmushi na wuce. Na ce na yafe, amma ka ga dai yadda nake ta zuba.

To, batun 'yan Sin. Ka daina leƙen takardarsu. Kanji daga ƙasarsu ya zo, tun suna firamare suke rubuta dubbansa, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. 'Yan Koriya kuma tsarin jimlarsu kusan ɗaya ne da na Japananci, aikatau a ƙarshe, 'yan ƙananan kalmomi a bayan suna. Yaran Japan kansu shekara shida suke ɗauka kafin su haɗa kanji 1,026 na firamare, jerin na amfanin yau da kullum kuwa 2,136 ne. Kai ana so ka haɗiye ɗaruruwa a wata kaɗan, ka kasa, ka ce kanka ne ba ya ja? Harshen da 日 zai fito sau biyu a kalma ɗaya, 日曜日, na farko a karanta shi nichi, na ƙarshe bi?

Abin da ban gane ba sai da na kusa gama ajin shi ne, akwai gonar da mu muka riga su shiga. Gobe ka kasa kunne idan suna magana. Da yawansu obasan da obaasan, goggo da kaka, suna ba su wuya. Kite da kitte, zo da kan sarki, biru da biiru, gini da giya, duk suna haɗe musu. Kai fa? Tun kana goye kake bambanta gari na zama da gari na tuwo, mana da manna, baba da babba. Hawa da saukar murya da ke raba ame na ruwan sama da ame na alewa, ai shi ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Har rikiɗar baƙi iri ɗaya muke yi: mu ce sata, ya saci, su ce matsu, machimasu, mu ce fansa, ya fanshi, su ce hanasu, hanashimasu. Fu ɗin Fuji da leɓe biyu ake hura shi, kamar yadda Bakano ke faɗin fura. Tsu ne kawai za ka sassauta, kada ka harba shi kamar na tsuntsu, an daɗe ana min dariya a kan wannan. Ita ma 'yar kalmar nan “wa” da ke rikita mutane, ranar da na ce a raina ai “dai” ce, watashi wa gakusei desu, ni dai ɗalibi ne, ranar na samu sauƙi. Ba kullum take dacewa ba, amma ta fi duk bayanin Turancin da aka yi min.

Kanji kuwa, makarantar allo ce ta cece ni, kada ka yi dariya. Na je shagon yen ɗari na sayo ƙaramin farin allo da alƙalaminsa. Bayan sallar asuba in rubuta biyar, biyar kacal, ina faɗa da ƙarfi har ina rangaji kamar kolo, in goge, in sake daga ka. Ba na ƙarin sabo sai na yi tishin na jiya da na shekaranjiya. Ranar Juma'a babu sabo sam, tilawa ce tun daga farko. Maƙwabcina a hostel ya taɓa buga min bango. Kuma kada ka haddace harafi tsirara, ka haddace shi cikin kalma, in so samu ne cikin jimlar da ta shafe ka. Ka koyi gutsattsarin da ake haɗa su da shi: mutum ya jingina da itace, 休, hutu ke nan, ɗigo ukun nan na gefen hagu ruwa ne, za ka gan su a teku 海, a tafki 池, har a giya 酒. Anki, manhajar tishi ta waya, yana da amfani a cikin jirgi, amma ni abin da hannuna bai rubuta ba ba ya zama. A haka na tashi daga uku na koma sha ɗaya, sha uku. Ban taɓa cin ashirin ba.

Tunda na ambaci giya: 豚 alade, da 酒 giya, da みりん giyar girki, da ラード kitsen alade, da ゼラチン gelatin, waɗannan da ake rubutawa a jikin ledar abinci ka san su yau ɗin nan, ko ba sa cikin darasi. Na yi wata guda ina karya kumallo da wani burodi mai laushi kafin wata 'yar Indonesiya ta juya ledar ta nuna min. Har yanzu idan na tuna sai cikina ya juya.

Wanda kuma ya ce maka Turanci ya isa, ni ma wani yayanmu da ya riga ni zuwa haka ya ce min tun a filin jirgi, shi ya sa na yi sakaci a makonnin farko. Allah ya yafe masa. Turanci ya isa a rubuta takarda. Amma taron ɗakin bincike, da an gama naka bayanin sai a juye Japananci, a yanke shawara kan aikinka kana zaune kana murmushi. Wasiƙun shiyakusho, wato ofishin hukumar gari, na inshorar lafiya da fansho, jadawalin zubar da shara, duk babu mai fassara maka. Bayan iyalina sun iso, maiɗakina na da ciki wata bakwai, wani dare wajen ƙarfe biyu ciwo ya turnuƙe ta. Na buga 119, lambar motar asibiti, hannuna na rawa. Na faɗi adireshi, na ce tsuma ga ninshin shite imasu, wato matata na da ciki, na faɗi wata nawa, na faɗi inda ke mata ciwo. Suka zo suka tambayi boshi techou, littafin nan na uwa da jariri, na gane, na miƙa. A cikin motar ina riƙe da hannunta sai na lura shite ɗin nan da na faɗa ba tare da tunani ba, sigar te ce, ta darasi na 14. Alhamdu lillahi, yarinyar ga ta nan, yanzu ita ke gyara min furuci, ba ta ma tausaya min.

JLPT, jarrabawar shaidar iya Japananci, kada ka sa shi a ranka yanzu. Sau biyu ake yi a shekara, Lahadin farko ta Yuli da ta Disamba, kuma babu rubutu babu magana, zaɓi ne kawai. Na faɗi matakin N3 karon farko da maki huɗu, 95 ake nema cikin 180, na ci 91. N2, matakin da ke samansa, da kamfanoni ke yawan tambaya, sai a shekarata ta huɗu na samu. Baito ma, wato aikin neman kuɗi na 'yan awoyi, ka ɗan dakata, awa 28 ɗin da aka yarje a mako ba dole ne ka cike su ba, na ga waɗanda wankin kwanuka da dare ya cinye musu ajin safe. Gara ka nemi ajin sa-kai na unguwa, ka tambaya a ofishin hulɗa da baƙi na garinku, yawanci kyauta ne ko kuɗi kaɗan. Tsofaffi ne 'yan fansho, ba su da gaggawa. Wata tsohuwa a can ce ta nuna min シ daga ƙasa yake hawa kamar し, ツ kuma daga sama yake sauka kamar つ. Minti biyu. Abin da aka tozarta ni a kansa ke nan.

Ba ka faɗa mana ko jami'arku ta ba ka tuta ba, ɗalibin nan da ake biya don ya taimaka wa baƙo. In an ba ka, ka hana shi yi maka Turanci, don su ma so suke su yi atisaye a kanka. Ka turo min hoton takardar jarrabawarka ta ƙarshe ta akwatin sirri in ga ko karatun ne ke kayar da kai ko rubutun, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Kuma wane darasi kuke yanzu?