Hans von Bülow da abin da ya kai shi Alƙahira

Malam, ka tambayi wane ne Hans von Bülow, kuma me ya kai shi Masar. Bajamushe ne, haifaffen Dresden a 1830. Wajen Franz Liszt, shahararren makaɗi, ya goge a kaɗa fiyano, har ya auri 'yarsa Cosima. Ya tsara kiɗa nasa, amma jagorancin makaɗa ya fito da shi.

Shi ya jagoranci Tristan und Isolde, opera (wasan kwaikwayo na waƙa) ta mai tsara kiɗa Richard Wagner, ranar da aka fara nuna ta a Munich, 1865. Abin tausayi, a lokacin Wagner ya riga ya shiga tsakanin Bülow da matarsa, amma Bülow bai ha'inci aikin ba. Wannan halin nake girmamawa.

Daga 1887 ya riƙe babbar ƙungiyar makaɗan Berlin. Rashin lafiya ta kai shi Alƙahira, can ya rasu a 1894.