Tambaya da Amsa: Shigar Sabon Ma'aikaci a Ofishin da Ba a Tilasta Kwat

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gama bautar ƙasa, Allah ya ba ni aiki a wani kamfanin manhajar kwamfuta a Kano. Ranar ganawa na ga kowa da irin shigarsa, wani jins, wani kaftani, aka ce mini babu dokar kwat da nakatayi. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Me zan saya, me zan bari? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙaninmu, Allah ya sanya albarka. Kada ka yi saurin zuwa kasuwa. Ka yi makon farko da kaftanin da kake da su, a wanke a goge, kana lura da shigar shugaban sashenka. Shi ne ma'auninka. Wanda ya shekara biyar a wurin, an san aikinsa, zai iya zuwa da rigar ƙwallo ba wanda zai ce masa uffan. Kai kuwa ba a san ka ba tukuna, da ido za a fara auna ka.

Kaftani uku, wando biyu, riga mai kwala uku, hula biyu da takalmi ɗaya mai kyau sun isa su kai ka wata uku ba tare da an ga gazawarka ba. Mu dai a ganinmu kaftani ya fi rufa wa sabon ma'aikaci asiri a Arewa, domin da shi za ka zauna gaban kwamfuta, da shi za ka shiga taro idan manyan baƙi sun zo ba zato.

Yadi huɗu ya ishi matsakaicin mutum riga da wando, dogo ko mai jiki ya sayi biyar. Idan ka shiga Kantin Kwari, nemi yadin da auduga ta yi yawa a cikinsa. Damƙe gefensa a hannu ka saki: in ya ɗan yamutse, akwai auduga, in ya miƙe sumul yana ƙyalli, roba ta yi yawa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, yadin roba kuwa yana riƙe zufa, kafin azahar wari ya tashi. Ka jiƙa yadin a ruwa ya bushe kafin ka kai wa tela, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko. Rashin yin haka ne ke sa ka ga wando ya ɗage sama da idon sawu bayan mako biyu.

Ka gaya wa tela rigar ta tsaya a gwiwa ko ƙasa da ita kaɗan, aikin wuya ɗan kaɗan, hannu mai maɓalli wanda za ka naɗe lokacin alwala ba wahala. Launi kuwa shuɗi mai duhu, toka-toka da ruwan ƙasa. Fari yana da kyau, amma mai hawa adaidaita sahu cikin ƙurar hunturu ba zai kai shi ofis da haskensa ba. Shadda mai sitati da babbar riga ka bar su sai Juma'a.

Jins ya zama mai duhu, ba yage ba, ba matsattse ba. Rigar gwanjo ba abin kunya ba ce, sai dai ka duba kwala da hammata da maɓallai, sannan ka ga ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗarka. Tela zai iya rage faɗi da tsawo, amma gyaran kafaɗa da wuya ya yi kyau. Ka riƙa sa singileti a ciki. Takalmi sau-ciki baƙi ko ruwan ƙasa, da safa biyar, kullum sabuwar wanki. Silifan alwala su zauna ƙarƙashin tebur, kada ka yi yawo da su a ofis. Turare ɗan kaɗan, domin ɗaki ne a rufe mai na'urar sanyaya iska, kuma akwai masu asma.

TAMBAYA: Ni kuma na samu aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna, wani lokaci za mu riƙa fita ƙauyuka. Abaya da atamfa nake sawa. Sai na sauya shiga? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: A'a, ƙanwarmu, ba sai kin sauya ba, ɗinki kawai za ki gyara. Turmin atamfa yadi shida ne, zai ba ki doguwar riga da ɗankwali har da ragi. Ki ce wa tela tsawon ya tsaya a idon sawu. Rigar da ke jan ƙasa tayar kujerar ofis tana cafke gefenta ta yage, a kan babur kuwa hatsari ne babba. Hannun riga kada ya yi faɗi, don kada ya riƙa sharar tebur yana kifar da kofin shayi.

Abaya mara duwatsu guda biyu, baƙa da wata mai duhun launi, sun wadatar. Mayafin shifon yana zamewa, sai ki wuni kina gyara shi a gaban mutane. Ki zaɓi mai auduga, ki kama shi da fil. Leshi da gwaggwaro da awarwaro masu ƙara na biki ne. Ranar fita ƙauye ki sa atamfa mai duhu, hijabi madaidaici da takalmi rufaffe mara tsini. Sabuwar atamfa takan zuba, saboda haka ki wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi, ki juya cikinta waje ki shanya a inuwa don kada rana ta cinye launin.